Yadda Za Ka Yi Gardamar Siyasa Ba Tare da Jifa da Laƙabi Ba

A Kano ba sai mutum ya buɗe baki ake yanke masa hukunci a siyasa ba, launin hularsa ma ya isa. In ja ce shi ke nan, ɗan Kwankwasiyya ne, an san gidansa, kuma wai an san abin da zai faɗa tun bai zauna ba. In ya yabi wani aiki na gwamnatin tarayya a ce ɗan kore ne, an sallame shi. In ya soki gwamnatin jiha a ce baƙin ciki ke cin sa. Matashi zai rubuta layi uku a Facebook kan tsadar man fetur, kafin magariba an raɗa masa suna huɗu: ɗan data, karen farauta, ɗan amshin shata, maƙiyin Arewa. Shi kuwa man fetur ɗin da ya jawo maganar, babu wanda ya sake waiwayar sa.

Nan ne babbar ɓarnar take. Da zarar an sa wa mai tambaya suna, tambayarsa ta mutu, kuma wanda ya ci ribar mutuwarta shi ne mai riƙe da mulkin da ya kamata ya amsa ta. Kwamishinan da aka tambaye shi ina kuɗin gyaran asibiti, in har magoya bayansa za su taso su ce mai tambayar ɗan wane ne, to ya huta, ba sai ya fito da takarda ko ɗaya ba.

Abin da ke tafe na mai zaman majalisar ƙofar gida ne, da na teburin mai shayi, da mai bugo waya a shirin siyasa na rediyo, da wanda aka jefa cikin zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai. Ba cewa za a yi ka sassauta ra'ayinka ba. Ka soki wanda ka ga dama, da zafin da ka ga dama. Hanya ce dai ta yadda sukar za ta sauka a kan wanda ya dace, kai kuma ka tashi da mutuncinka da zumuncinka.

Mataki na farko: tantance irin sunan da ke bakinka

Sunayen siyasa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda mutum ya zaɓa wa kansa yana alfahari da shi, kamar ɗan Kwankwasiyya, ɗan APC, ɗan PRP, ko a Nijar ɗan Tarayya da ɗan Lumana. Akwai wanda ke bayyana muƙami ko aiki, kamar mai magana da yawun gwamna, ko tsohon shugaban ƙaramar hukuma. Waɗannan biyun babu laifi a kira mutum da su, wani lokaci ma dole ne, domin mai sauraro yana da haƙƙin sanin cewa wanda ke kare gwamnati a rediyo albashi yake karɓa a wurinta.

Na ukun shi ne wanda ake liƙa wa mutum don a rage masa daraja: butulu, munafuki, ɗan barandan siyasa, ɗan kanzagi, ɗan kwangila, 'yan ta-kife. Shi ne Alƙur'ani ya yi hani da shi ƙarara a Suratul Hujurat, aya ta 11, inda aka hana muminai yi wa juna izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Kusan duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san ayar, amma da an shiga kakar zaɓe sai a yi kamar akwai togaciya ga siyasa. Babu.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne, sunan kirki ma yakan koma makami. Wani ya ce magudanar ruwan unguwarsu ta toshe shekara da shekaru, kai kuma ka ce “ai dama kai ɗan Gandujiyya ne.” Ba ƙarya ka yi ba, shi ma ba zai musa ba. Amma ka ɗauki sunan ka ajiye shi a gurbin amsa. Saboda haka gwajin mai sauƙi ne: kafin sunan ya fita, tambayi kanka, in na cire shi daga jimlata, akwai sauran abin da na faɗa? In babu, to ba ka da magana tukuna, ka dakata.

Mataki na biyu: mayar da laƙabin zuwa zargi mai kai da ƙafa

Wannan shi ne aikin gaske, kuma a nan ya kamata mutum ya fi daɗewa. Duk laƙabi akwai wani ƙorafi da ke kwance a ƙarƙashinsa, sau da yawa ma ƙorafi ne na gaskiya. Aikinka shi ne ka tono shi ka faɗe shi da sassansa huɗu: wa ya yi, me ya yi, yaushe, kuma wa abin ya cutar.

Ɗauki maganar tallafin mai. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500, zuwa watan Yuli ta haura 600. Kana iya cewa duk mai kare wannan mataki mara tausayi ne, ɗan jari-hujja. Zai ce kai ma jahili ne da bai san tattalin arziki ba, a tashi baram-baram. Kana kuma iya cewa: “Malam, na ji hujjar cewa tallafin 'yan tsiraru ke cinye shi. To amma an cire shi rana ɗaya, kafin a tanadi motocin sufuri ko a ƙara albashi, kuma kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru bayan nan. Nuna mini abu uku da ƙarin ya yi a ƙaramar hukumarmu.” Yanzu ka sa shi a kwana. Dole ya kawo misali ko ya yarda babu, kuma ko wanne ya yi, masu sauraro sun ƙaru da wani abu.

Haka rikicin masarautar Kano. A 2019 gwamnatin Ganduje ta raba masarautar gida biyar, aka ƙara Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, sannan a watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke waccan doka ta mayar da shi. Akwai tambayoyi masu nauyi a nan da mutum zai kwana yana tunani. Shin daidai ne rawani ya riƙa sauyawa duk lokacin da gwamna ya sauya? Mutanen Gaya da Rano da suka ce sabbin masarautun sun kawo musu ci gaba, me za a ce musu? Ina iyakar ikon majalisar jiha a kan gadon da ya girme ta da ɗaruruwan shekaru? Amma yawancin gardamar da aka sha a kai ba ta wuce “maƙiyan Kano” da “'yan ɓata tarihi” ba, kowane ɓangare yana jifan ɗayan da irin kalmomin da ake jifan sa da su.

Da ƙudurorin gyaran haraji suka taso a ƙarshen 2024, gwamnonin Arewa suka nuna adawa da tsarin rabon harajin kayan masarufi da aka gabatar, nan take duk ɗan Arewan da ya ce a tsaya a karanta ƙudurin ya zama “wanda ya sayar da Arewa.” Wanda ya ƙi shi kuma 'yan Kudu suka ce malalaci ne mai jiran a ba shi. Alhali maganar ta lissafi ce: kashi nawa za a raba daidai wa daida, nawa bisa yawan jama'a, nawa bisa inda aka sayi kaya. Da aka zauna a kan lissafin ne aka sauya kason, har aka sa wa dokokin hannu a watan Yunin 2025. Waɗanda suka yi ta zagi ba su gyara ko waƙafi ɗaya ba.

Ka gwada wannan a takarda in kana so ka saba. Rubuta laƙabin da ka fi yawan jifan abokan hamayyarka da shi, a ƙarƙashinsa ka rubuta abubuwa uku da suka aikata, kowanne da shekararsa. In ka iya, daga yau abubuwan nan uku za ka riƙa faɗa, ka bar sunan. In ka kasa kawo ko ɗaya, to aron bakin wani ka yi, wataƙila na wani sojan baka da kake ji kullum da daddare. Shi sana'arsa ce, an saya masa fili a rediyo, kuma gobe in uban gidansa ya sauya sheƙa zai juya harshe ba kunya. Kai da ba a ba ka ko kuɗin kati ba, me ya kai ka ɓatawa da ƙanin mahaifinka?

Mataki na uku: bambanta zargi da hukunci

Wani zai ce, to in mutum ɓarawo ne fa, kada a kira shi ɓarawo? A kira shi, in an tabbatar. A 2018 kotu ta samu tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame da tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye da laifin karkatar da dukiyar jama'a ta ɗaure su, daga baya gwamnatin Buhari ta yi musu afuwa a 2022. Wanda ya faɗi haka labari ya bayar. Wanda kuma hukumar yaƙi da almundahana ta EFCC ta gurfanar ana cikin shari'a, abin da za ka ce shi ne ana tuhumar sa da kaza, a kotu kaza. Wanda jita-jita kawai ake yi a kansa, ko dai ka yi shiru ko ka ce “an ce, ni ban tabbatar ba.” Matsalar “duk 'yan jam'iyya kaza ɓarayi ne” ita ce tana yi wa ɓarawon gaske rumfa, domin ya ɓace cikin taro, kuma duk mai gaskiyar da ke jam'iyyar ka tilasta masa ya tsaya ya kare shi.

Akwai kuma doka, ko da ba kullum ake aiki da ita bisa adalci ba. A 2022, Dokar Zaɓe a sashenta na 92 ta hana amfani da zagi da kalaman ɓatanci da habaicin da zai iya tunzura jama'a a yaƙin neman zaɓe. Ɓata suna laifi ne a kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu wasan barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. A ganina hukuncin ya yi tsauri, kuma masu mulki sun fi kowa saurin fakewa da irin waɗannan dokoki don toshe bakin jama'a. Amma wannan ma dalili ne na ka riƙe hujja. Wanda ya ce “an ware kuɗi kaza a kasafin shekara kaza, ga hoton aikin yadda yake yau” ya fi wuyar kamawa a kan wanda ya zagi uwar wani, kuma in an kama shi ma, ya fi samun masu tsaya masa.

Mataki na huɗu: in kai aka jefa

Za a jefe ka, wannan babu makawa. Kada ka rama, kada kuma ka tsaya wanke kanka. Mutum ya ce maka ɗan kore, ka shiga rantsuwa cewa ba ka taɓa karɓar sisin kowa ba, to ya riga ya ci nasara, domin yanzu kai ake tattaunawa. Abin yi shi ne ka tsallake sunan da jimla guda ka komo kan batun.

In sa'anka ne: “To na ji, ɗauka ma an biya ni. Rijiyar burtsatsen nan an haƙa ta ko ba a haƙa ba?” In babba ne, harshe ya sauya amma manufar tana nan: “Allah ya huci zuciyarka Baba, ni ban isa in raina ka ba. Abin da nake tambaya kawai, malaman makarantar nan an biya su albashin watan jiya?” In mace ce babba: “Hajiya, ki yi haƙuri, ba jam'iyyarku nake zagi ba, maganar kuɗin taki nake yi.” Ka yi haka sau biyu. In ya sake dawowa da suna a karo na uku, ka ce “mu bar ta nan Alhaji, sai wani jiƙon,” ka tashi ko ka ajiye wayar. Ba gudu ka yi ba, waɗanda ke gefe sun ga wanda ya kawo magana da wanda ya kawo baƙar magana, kuma dama su ne ake yi domin su. Abokin gardama da wuya ya sallama a gaban jama'a.

A intanet akwai ƙarin abu ɗaya. Kada ka amsa saƙon da ya ɓata maka rai a cikin sa'ar da ka gan shi, musamman da saƙon murya, wanda ke fita da duk zafin da ke ƙirjinka kuma ana iya tura shi ko'ina. Asusun da ba shi da suna na gaskiya ba shi da hoto, wanda aikinsa zagi, toshe shi kawai.

Mataki na biyar: fara gyara daga naku ɓangaren

Wannan ya fi sauran ɗaci. Kowa yana jin zafin sunan da aka sa wa nasa, amma wanda nasa suka sa wa wasu dariya yake ba shi. In kana zaune abokin tafiyarka ya kira 'yan wancan ɓangare da tumaki ko mahaukata, kai ne ya fi dacewa ka ce masa “a'a, bar wannan, faɗi abin da suka yi.” Daga bakinka zai ji, daga bakinsu ba zai ji ba.

Abin da zai taimaka maka ka yi hakan shi ne tuna yadda manyan da ake faɗan domin su suke yi. Abdullahi Ganduje mataimakin Rabi'u Kwankwaso ne har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, shi ma jar hula yake sawa kafin su raba gari. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya kayar da shi a 2003, ya bar APC a 2014 bayan Kwankwaso ya shigo, ya koma cikinta a 2018, ya haɗu da Kwankwason a NNPP a 2022, cikin 'yan watanni ya fice zuwa PDP. Ba aibata su nake yi ba, siyasa ta gaji haka. Amma ka dubi wanda ya yi shekara goma yana kiran 'yan wata jam'iyya maƙiya talaka, wata safiya ya ji a rediyo cewa jagoransa ya koma can. Manyan za su rungumi juna a gaban kyamara, a yi addu'a, a ci abinci. Shi kuma an bar shi da maƙwabcin da suka daina gaisawa, da surukin da bai je sunan 'yarsa ba.

Laƙabi yana kuma ɗaure mai faɗar sa. Wanda ya ce tsarin ilimin gwamna kaza bai yi ba, gobe in ya ga an gyara zai iya cewa madalla ba tare da jin kunya ba. Wanda ya ce gwamnan shaiɗani ne, ya rufe wa kansa ƙofa, ko titin ƙofar gidansa aka yi dole ya nemo masa aibu.

Tarihin Kano ya riga ya nuna inda irin wannan ke kaiwa. Tun zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ana jifan magoya bayan Malam Aminu Kano da rashin kunya da raina sarakuna, kuma a ƙarƙashin wannan suna aka ɗaure da yawa aka yi musu bulala a kotunan En'e, 'Yan Mahaukata kuma, wata ƙungiyar 'yan daba, suna dukan su a titi. A jamhuriya ta biyu PRP, jam'iyyar Malam Aminu a lokacin, ta dare gida biyu, ɓangaren santsi da ɓangaren taɓo, mutanen da suka sha ɗauri tare suka koma kiran juna maciya amana. A cikin wannan rabuwar kai majalisar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige gwamnan PRP Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Ranar 10 ga Yulin shekarar tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A 1983 Rimi ya tsaya a jam'iyyar NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, bayan wata uku da rantsar da sabuwar gwamnati sojoji suka kwashe kowa da kowa ranar 31 ga Disamba, ba su tambayi waye santsi waye taɓo ba.

Mataki na shida: iyakoki uku da ba a tsallakewa

Sunaye irin su ɗan kanzagi suna ɓata zama, amma akwai waɗanda ke zubar da jini. Na farko, fitar da mutum daga addininsa saboda ƙuri'arsa. Mun ji an ce wanda bai zaɓi wane ba munafuki ne ko maƙiyin Musulunci, a wancan ɓangaren kuma an ce Kiristan da ya bi tikitin Musulmi biyu a 2023 ya ci amanar coci. Hadisi ingantacce ya yi gargaɗi cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Ƙuri'a ra'ayi ce kan wanda zai riƙe baitulmali shekara huɗu, ba ta shigar da mutum addini ba ta fitar da shi.

Na biyu, ɗora laifin ɗan siyasa ko na ɗan ta'adda a kan ƙabila, ko cewa wane ba ɗan ƙasa ba ne. A Nijar, gabanin zaɓen 2020 zuwa 2021, an ɓata lokaci mai yawa kan asalin ɗan takarar shugaban ƙasa Mohamed Bazoum, duk da kotun tsarin mulki ta amince da takararsa, kuma da aka bayyana sakamakon zagaye na biyu a watan Fabrairun 2021 sai da aka yi ƙone-ƙone a Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma sai sanda ta juya, wanda ya soki sojoji shi ne ake kira mara kishin ƙasa, yaron Faransa.

Na uku, kiran mutane da sunan dabba ko ƙwaro ko cuta. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai kafin kisan ƙare-dangi na 1994 da lokacinsa, inda aka hallaka mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari, kuma a 2003 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure wasu jagororin kafafen watsa labaran da suka yi wannan aiki. Mu ma ba mu da nisa da irin wannan. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. An ƙone gidajen mutane saboda an ce 'yan PDP ne, an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi, an yi wa Musulmi kisan gilla a Zonkwa da kewaye a kudancin Kaduna, an ƙone coci-coci da masallatai. Wanda aka tare a hanya ranar ba a tambaye shi ra'ayinsa kan wutar lantarki ba, rukunin da aka jefa shi kawai aka duba.

Kada a kawo hujja da wasan barkwanci, a ce ai Bafulatani da Babarbare suna kiran juna bawa, Bakano da Bazazzagi suna yi wa juna tsiya. Wannan wasa ne da ɓangarorin biyu suka gada suka yarda da shi, kowa yana da damar ramawa, kuma ranar da ɗaya ya shiga uku ɗayan ne ke fara kawo ɗauki. In wanda kake tsokana ba ya dariya, ba barkwanci kake yi ba.

Idan ka ji ɗaya daga cikin ukun nan a inda kake, ba lokacin lallashi ba ne. Ka ce ba ka yarda ba, a fili, ko da mai faɗar malami ne ko dattijo, da ladabi amma ba kwana-kwana. Kada ka tura saƙon gaba ko da niyyar nuna wa mutane munin sa, domin yaɗa shi ka yi.

Mataki na bakwai: in kai ne mai majalisa ko admin

Wanda ake zama a ƙofar gidansa, da wanda ya buɗe zauren WhatsApp, da mai gabatar da shiri, nauyinsu ya fi na kowa. In ka bar zagi ya zauna, masu hankali ne ke fara janyewa, dattawa su yi shiru, mata su fice, a bar maka mutum biyar masu ƙarfin murya.

Ka kafa ƙa'ida tun ana zaman lafiya, kada ka jira sai rigima ta tashi, don in ka kafa ta a tsakiyar faɗa za a ce da wani kake. Ƙa'idar ta zama gajeriya: a soki aiki da manufa da mai riƙe da muƙami, ba a taɓa iyaye da addini da ƙabila, duk wanda ya kawo zargi ya faɗi inda ya samo shi. Ka liƙa ta a bayanin zauren. Wanda ya karya a karon farko, ka bi shi ta bayan fage, kada ka tsawata masa a gaban jama'a, musamman in ya girme ka: “Yaya, don Allah a goge saƙon nan, a sake rubuta shi ba da sunan ba.” Karo na biyu ka goge da kanka ka faɗi dalili a taƙaice. Karo na uku a cire shi na mako guda. Ka nemi mataimaki daga ɓangaren da ba naka ba, kuma mutum na farko da za ka hukunta, in da hali, ya kasance ɗan jam'iyyarku, domin daga nan ne sauran za su gane da gaske kake.

Kwamitin zaman lafiya na ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ke jagoranta yana tara 'yan takara su sa hannu kan yarjejeniya kafin zaɓe, kamar yadda Jonathan da Buhari suka yi a 2015. Babu abin da zai hana zauren dangi ko ƙungiyar 'yan kasuwa yin irin tasu mako biyu kafin zaɓe, kowa ya rubuta “na amince.” Daga daren jajibirin zaɓe kuma har hukumar zaɓe ta bayyana sakamako, ka mayar da zauren yadda admin kaɗai ke iya tura saƙo, domin a waɗannan sa'o'in ne sakamakon bogi da tsofaffin hotunan gawarwaki suka fi yawo. Ka sanar da mutane tun da wuri cewa haka za a yi, da ranar da za a sake buɗewa.